Ma'ajiyar Alhaji Sabi'u

Ku matso kusa, wallahi wannan da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai cikina ya ƙulle don dariya.

Kun dai san Alhaji Sabi'u, mai ofishin Hajji da Umara a Fagge, wanda shagona ke manne da nasa. Mutumin kirki ne, amma yana da wata hikima tasa da ko limamin unguwa bai isa ya raba shi da ita ba. Shi a wurinsa ɓarawo yana duba durowa, yana duba ƙarƙashin katifa, amma ba ya taɓa duba shara. Saboda haka a manhajar imel ɗin kwamfutar ofishinsa, duk saƙon da ya shigo mai muhimmanci, biza ce ko tikiti, sai ya danna gogewa, saƙo ya faɗa kwandon shara. Can ne ma'ajiyarsa! Tallace-tallacen banza su yake bari a gaba, wai in ɓarayin intanet sun shigo su sha wahala. Ita kuwa manhajar, da ta sauke saƙo kan kwamfuta shi ke nan, ba ya saura a wani wuri. Komai na dunƙule cikin fayil guda.

To fayil ya yi ta kumbura, kwamfuta ta koma sai an roƙe ta kafin ta buɗe. Alhaji ya kira Nafi'u, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai gyaran kwamfuta. Ya bar shi a kai ya tafi masallaci. Nafi'u ya fara kwafe fayil ɗin duka a filashi, ɗan mitsitsin abin nan na ajiyar bayanai, sannan ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya zubar da kwandon shara, ya matse fayil. Kwamfuta ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Da Alhaji ya dawo, Nafi'u ya miƙa masa filashin ya ce, "Ga kwafin komai da komai. Ka ajiye shi inda ka fi yarda da shi."

Ashe washegari da yamma jirgin surukarsa zai tashi. Hajiya Yalwa, uwar matarsa Murja, za ta Umara karon farko a rayuwarta. Ta zaga unguwa gida-gida ta yi sallama, ta nemi gafarar har waɗanda ba ta taɓa yi wa laifi ba, an soya mata dambun nama, kowa ya ba ta saƙon addu'a. Biza kawai ta rage a buga mata, kuma tana ma'ajiyar Alhaji.

Da safe ina buɗe shago sai na ji salati daga ofishin Alhaji, irin na wanda ya taka wuta. Na shiga a guje. Na tarar da Alhaji hula a ƙasa, yana kallon kwandon sharar kwamfuta, wayam! Sai dai a sake neman bizar daga waɗanda suka turo, su kuwa sai sun ga dama suke amsawa, ga jirgi ba ya jiran surukar kowa.

Nafi'u ya iso a kan babur, Alhaji ya tare shi tun daga ƙofa.

"Kai, ɗan kawu, ka kashe ni! Wa ya ce ka taɓa min shara?"

"Ikon Allah! Yau kuma mai zubar da shara ne ya yi laifi?"

"Bizar Hajiya na ciki!"

"Wace Hajiyar?"

"Hajiyar Murja!"

Nafi'u ya zauna a ƙasa daɓas, yana dariya har da buga tayil. Ni ma, Allah ya yafe mini, na juya baya kamar ina duba kalandar bango. Da ƙyar ya share hawaye ya ce, "Kwantar da hankalinka, angon Murja. Ai kafin in zubar na kwafe. Kawo filashin jiya."

Alhaji ya hau sosa ƙeya.

"Na ce kawo filashin. Ina ka ajiye?"

"Ai kai ka ce inda na fi yarda da shi."

Gaba ɗayanmu muka juya muka kalli kwandon roba da ke ƙarƙashin teburinsa. An wanke shi tas, har an kife shi ya bushe. Mai sharar ofis ta zo tun sassafe, ta kwashe komai ta kai bolar bayan layi.

Jama'a, ku hango min Alhaji Sabi'u, mai ofishi da na'urar sanyaya ɗaki, ya naɗe hannun shaddarsa, ya hau bola yana tono da tsinke. Awaki biyu suka matsa masa suna kallonsa. Nafi'u na ƙasa yana ba da umarni: "Hagu, Alhaji! Ɗaga ledar can! A'a, wannan ƙashin kifi ne!" Masu shaguna muka fito muka yi layi, kowa na ba da shawara, ba mai hawa.

Can sai ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara. Ga filashi, naɗe cikin takardar ƙosai kamar yadda ya ɓoye shi. Muka ɗauki tafi.

Tafin ne ya mutu a hannunmu, don daidai lokacin adaidaita sahu ta tsaya a bakin bolar. Hajiya Yalwa ta sauko cikin farin mayafi, Murja na bayanta riƙe da jaka. Sun zo karɓar biza.

Alhaji ya rasa inda zai sa kansa. Nan kan bolar ya durƙusa, ɓawon lemo manne a gwiwa.

"Barka da asuba, Hajiya. An tashi lafiya?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Lafiya lau, Malam. Me ake nema a nan?"

"Bizarki ce, Hajiya. Amma an same ta, alhamdu lillahi, yanzu za a buga."

"Bizata? A bola?"

"Wallahi ba raini ba ne, Hajiya, tsaro ne. Ni a tsarina, duk abin da na fi ji da shi a duniya, a shara nake ajiye shi."

Hajiya ta gyara mayafi, ta juya ta kama hannun 'yarta.

"Murja, in na tafi ki koma gidana ki zauna. Asabar mai zuwa ce ranar tsaftar muhalli, kar a kwashe min ke da shara."