Makarantar Babur Mai Jan Kafet

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na faɗi a bakin danja. Ba wanda ya buge ni, ba rami na faɗa ba, ko akuya ba ta gitta ba. Danja ta nuna ja, na matse birki yadda aka koya mini, babur ya tsaya cak, ni kuma na zauna ƙyam ina kallon gabana. Sai kawai na ga duniya tana karkata a hankali. Kafin in yi salati ina kwance a gefen titi, babur a kan cinyata, hular kwano ta rufe mini ido ɗaya. A aljihuna kuwa ga sabon lasin tuƙi dal, da hotona ina murmushi.

Wani mai haya da babur ya leƙo fuskata daga sama ya ce, "Sannu Baba. Ɗan Cibiya ne kai?"

Na ce, "Ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Ai duk haka kuke faɗuwa, a tsaye."

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Kun dai san yadda layin mai ya zama unguwa mai zaman kanta. A layin nan na yi abokai, na yi aski, har sulhu na yi wa wasu direbobi biyu da suka yi faɗa kan jarka. Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, sun yi alkawarin mai zai wadata nan ba da jimawa ba, kuma ni ban taɓa ƙaryata babba ba. Tsohuwar motata ce dai ba ta da haƙurina. Ta gaji da jira, na gaji da turi, muka rabu.

Wadda abin ya fi shafa ita ce mai ɗakina. Malamar makaranta ce, 'yan aji ɗaya take koyarwa a can ƙarshen gari. Da mota ta tafi sai ta koma takawa zuwa tasha, ta yi tsayuwar jiran bas, ta sauka ta sake takawa. Gwiwarta ta dama ta kumbura. Likita ya ce ko dai ta rage tafiyar ƙasa, ko ƙafar ta ajiye ta gaba ɗaya. Da muka dawo gida ta zauna a bakin gado tana shafa gwiwar, ta ce, "To Malam, in an dawo daga hutu sai in je in yi wa yaran sallama." Ta faɗa tana kallon bango. Na san matar nan. Yaran nan masu majina da karyayyen fensir su ne rabin ranta, kuma maganar ta soke ni ƙwarai. Nan take na buga ƙirji na ce ranar da za a koma makaranta ni zan sauke ta a ƙofar ajinta da kaina.

Da abin da motar ta bari na sayo ɗan babur ɗin nan mara giya, wanda ake zama a kai kamar kujera, ƙafafu a haɗe a gaba. Na turo shi da hannu tun daga shago har gida, na kafe shi a baranda, na je na yi wuni guda a layi na cika masa tanki. Saura abu ɗaya ƙarami: ban iya ba. Rabona da hawa abu mai ƙafa biyu tun keken yayana, ina ɗan gajeren wando.

Na fara neman mai koya mini. Makarantun koyon mota suka ce su ba sa harka da abin da ba shi da ƙofa. Masu haya da babur na bakin kasuwa suka ce in hau kawai, ranar da na daina faɗuwa na iya. Maƙwabcina mai faci ya ce, "Maƙwabci, ga filin ƙwallo can bayan gidajenmu. Kawo shi da yamma, ni zan riƙe maka baya." Na gode masa, amma na ce ni mutum ne mai bin doka, bari in fara jin ta bakin hukuma.

A ofishin lasin na tarar da wani jami'i yana fama da wayarsa. Ban san me ke cikinta ba, amma ya fi ni muhimmanci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lasin babur nake so."

"Takardar shaidar Cibiya."

"Wace Cibiya?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ina rana take fitowa. "Cibiyar Horar da Matuƙa Babur ta Zamani mana. Ba ka kallon labarai?"

"To idan maƙwabcina ya koya mini a fili fa?"

"Maƙwabcinka yana da hatimi?"

Mai faci ba shi da hatimi, sai famfo da bahon ruwa. Don haka na nufi Cibiya.

Kai, jama'a, a yaba wa wanda ya yi. Gini ne na gani na faɗa, gilashi tun daga ƙasa har sama, ga allo a ƙofa mai ɗauke da sunan Mai Girma Uban Ayyuka, Mai Almakashin Zinare, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce bai yanka ba. A tsakiyar babban ɗaki an shimfiɗa jan kafet mai laushi. A tsakiyar kafet ɗin ga babur guda ɗaya tak, irin nawa sak, a kafe a kan ƙafafunsa na ƙarfe, ledar kujerarsa ma ba a cire ba.

Malamin da ke koyarwa wani siriri ne mai dogon wuya, ɗalibai suna kiransa Malam Inji. Na tambaye shi yaushe za mu fita fili. Ya ja ni gefe ya rage murya. Ashe ranar da aka buɗe Cibiya, an miƙa wa Mai Girma makullin babur a kan faranti don a ɗauki hoto. Aka ɗauki hoto, aka yi tafi, Mai Girma ya jefa makulli a aljihu ya shiga mota.

Na ce, "To a je a karɓo mana."

Malam Inji ya kama baki. "Wa zai je? Kai za ka tari Mai Girma ka ce masa ya lalubo aljihunsa? An dai kafa kwamiti."

"A kira mai yanka makulli mana."

"Kayan gwamnati? Alhaji, kana so in rasa aikina?"

Haka muka fara karatu. Za ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka bi ta kan wani siririn katako da aka ɗora, ka ɗare babur. Malam Inji zai tsaya a bayanka ya riƙa yin ƙarar inji da bakinsa. In ka murɗa totur ya ƙara murya, in ka matse birki ya sassauta, in ka yi ganganci ya yi tari ya mutu, sai ka sake tayar da shi. Wallahi mutumin nan gwani ne, har ƙarar shiga rami yana yi. A hannunsa akwai kwali ja da kwali kore, su ne danja.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: ƙafa ba ta taɓa kafet. An shimfiɗa shi ne don Mai Girma, kuma ana sa ran zai dawo duba aiki kowane lokaci. Ranar farko da aka ɗaga jan kwali, ƙafata ta tuna keken yayana ta sauka da kanta. Sai ji na yi tsau! Malam Inji ya sakar mini rula a ƙauri.

"Ɗauke ƙafa! A kan fuskar Mai Girma za ka taka?"

Kullum sai ƙafar nan ta sauka, kullum sai ta sha rula. Da tafiya ta yi tafiya ta yi hankali. Ko girgiza babur ɗin aka yi, tana nan a manne a mazauninta.

A gida kuma wani abu ya riƙa ɗaure mini kai. Duk yammar da na dawo daga Cibiya sai in ga allurar man babur ɗina ta ɗan sauka, alhali yana nan a baranda inda na bar shi. Na kira mai ɗakina na nuna mata. Ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. Man zamani ke nan, Malam, zafi kaɗan sai ya bi iska." Na yi ta zagin masu gidan mai har na gaji. Mai faci yana jin mu ta kan katanga, na ji ya ƙware da ruwa yana ta tari.

Ranar jarrabawa mai gwaji ya zo daga ofishin lasin, shi ma ya cire takalmi. Na hau, Malam Inji ya tayar, muka yi tafiya mai nisa a cikin ɗakin nan. Na ba da hannu, na duba madubi, na kauce wa wata tirela da mai gwaji ya ce tana tahowa. Da aka gama ya miƙo mini hannu ya ce ya daɗe bai ga direba mai natsuwa irina ba, ƙafata ko sau ɗaya ba ta sauka ba. Lasin ya fito ana jibi za a koma makaranta.

To, mun dawo ranar Litinin. Mai ɗakina ta yi shirinta, ta rungumo littattafan yara, ta hau baya. Daga gidanmu zuwa babban titi gangara ce, don haka ba zan ce ni na tuƙa babur ba, shi ya tafi da ni, muna tangaɗi mutane suna darewa. Amma mun iso danja da ranmu. Ta nuna ja. Na matse birki. Ƙafata ta tuna rula.

Abin da ban gaya muku da farko ba shi ne, ni kaɗai na faɗi. Tun babur bai gama karkata ba mai ɗakina ta sa ƙafarta mai lafiya a ƙasa ta zame, ta tsaya tsaf da littattafanta a ƙirji. Ina kwance ina kallonta daga ƙasa, kunya ta rufe ni, ga kuma baƙin ciki, don na san alkawarina ne ke kwance a titin nan tare da ni. Mai haya da babur ya taimaka aka ɗaga. Ta karkaɗe mini riga, ta duba gwiwar hannuna, sannan ta miƙo mini littattafan.

"Riƙe nan, Malam. Matsa baya."

"In matsa ina?"

"Baya. Za a buga ƙararrawa."

Ta gyara zama, ta karɓi hular kwano, ta murɗa totur. Jama'a, babur ɗin nan da ya yi ta yi mini gardama sai ga shi yana tafiya sumul. Ta ratsa tsakanin bas da mai kura, ta kauce wa rami, da muka zo danja ta biyu ta tsaya ta sauke ƙafar hagu a ƙasa, hankali kwance.

Na leƙo ta kafaɗarta na ce, "Man zamani, ko?"

Ta ce, "Matar mai faci ce ta ce kada babur ya yi tsatsa. Kana fita muke tura shi filin ƙwallo."

"Ba ki faɗi ba?"

"Na faɗi mana, har ban san iyaka ba. Amma ni duk faɗuwar da na yi, babur ɗin yana tafiya."

A kusa da makaranta wani jami'in hanya ya tare mu. Ya ce lasin. Na zaro nawa na miƙa daga baya. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi wadda ke riƙe da kan babur.

"Wa ke da lasin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ke tuƙi?"

"Ita ce."

"Kai me ya hana ka?"

"Ɗan Cibiya ne ni."

Sai ya miƙo mini lasin da sauri ya ce, "A'a, zauna inda kake, Baba. Hajiya, Allah ya kiyaye hanya. Tunda lasin da iyawar duk suna kan babur ɗaya, ku wuce."

Mun shiga harabar makaranta ana buga ƙararrawa. Yaran nan suka yo kanta da gudu suna ihun Malama ta zo da babur. Ta sauka a ƙofar ajinta ba tare da ta taka ko'ina ba, tana dariyar da na daɗe ban ji ba. Na ce a raina alkawari dai ya cika, ko da ba ta inda na tsara ba.

Sai da ta shige aji na tuna babur zai jira ta har a tashi, ni kuma ga shagon da nake kasuwanci yana jirana a wancan ƙarshen gari. Yanzu kullum da safe nakan raka lasin ɗina makaranta, in taka zuwa tasha, in yi tsayuwar jiran bas, da rana in sake dawowa mu koma gida bisa doka. Jiya na ji gwiwata ta dama ta fara magana.

Mai faci ya ce in kai mai ɗakina Cibiya ta samo nata lasin in huta. Na ce Allah ya kiyaye, direba ɗaya gare mu a gidan nan, ba zan kai a lalata mini ita da rula ba.

Ranka ya daɗe Mai Almakashin Zinare, ba umarni nake bayarwa ba, ni wa? Amma in mai wanki ya kawo rigar da aka sa ranar buɗe Cibiya, a ɗan sa hannu a aljihun dama.