Ɗankwalin da Ya Ƙi Kama Wuta

Har yau ban san abin da ya kai ni ba. Damina ce, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ashana duk ta sha danshi a Gubuchi. Ni kuwa na bugi ƙirji a majalisa, na ce gobe a wurin gayya da ƙyastun kakana zan hura wutar gasa masara.

Ƙyastu dai ƙarfe ne da ake bugawa a jikin dutsen ƙanƙara ya ba da tartsatsi, kuma na sha ganin yadda tsohon yake yi. A cusa tsumman saƙi cikin gwangwani, a rufe, a jefa a garwashi har ya yi baƙi, shi ne ke cafke tartsatsi. Amma ni mai wayo sai na ga saƙi ya yi kauri. Na hango wani ƙyalle shara-shara a kan igiyar shanya, na ce wannan ko hararar sa ka yi zai kama.

A gona na buɗe gwangwanin a gaban jama'a. Abin ya narke ya dunƙule kamar kwalta. Duk da haka na tsuguna ina ta ƙyasta ƙanƙara har na fasa babban yatsana.

Baba Ilu, wan mahaifina, ya shinshina gwangwanin ya ce, "Kai, wannan ai nailan ne. Tsumman wa ka ɗauka?"

Ashe ɗankwalin da Hajara matata ta wanke don zuwa bikin ƙanwarta ne. Masarar ma ɗanya aka mayar da ita gida.

Yau ga ni da jikoki, amma in maƙwabta suka shigo ɗibar wuta sai sun dafe kai sun ce, "Hajara, Sarkin Ƙyastu na nan? Bari mu ƙara ɗaure ɗankwali."