Ranar da Na Koyar da Yaƙin Salibiyya a Bakin Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko ta koyarwa a wata kwaleji a Jos ba. An ba ni tarihin duniya na 'yan aji ɗaya, tun daga Fir'aunonin Masar har daular Mali. Duk lafiya lau, sai abu ɗaya: a tsakiyar manhajar akwai yaƙe-yaƙen Salibiyya, waɗanda Kiristocin Turai da Musulmi suka gwabza a kan birnin Ƙudus.

To, ɗalibaina wasu daga Ali Kazaure, unguwar Musulmi, suke zuwa, wasu daga Anguwan Rukuba, unguwar Kiristoci, ga shi ba a daɗe da ɗage dokar hana fita da aka saka bayan rikicin addini ba. Tsoro ya kama ni. Na ce kalma ɗaya ta kuɓuce mini, ajin nan zai kama da wuta. Sai na shiga jan ƙafa. Na zauna a Masar har yara suka gaji da dala (ni ma na gaji), na raka Rumawa har kabari. Amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ranar, na juya babur ɗina ya kalli get, na roƙi maigadi ya riƙa leƙowa, na tsaya daf da ƙofa, makulli a hannu. Na yi gyaran murya na ce, "An ɗan samu saɓani tsakanin wasu bayin Allah. Na kusan shekara ɗari biyu."

Wata ɗaliba Kirista mai suna Ladi ta ɗaga hannu. "Sa, su wa da wa?"

"Wasu... baƙi ne."

Ta dafa kafaɗar Hauwa, ƙawarta Musulma da ke gefenta. "Sa, lokacin rikici a ɗakin mamana su Hauwa suka ɓuya. Yayana kuma ya fita, har yau bai dawo ba. Abeg, ka faɗa mana kawai, mun ga wanda ya fi wannan."

Wani daga baya ya ce, "Kuma ka ajiye makullin, Oga, ba mai bin ka."

Aji ya fashe da dariya, har da maigadi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na lallaɓa na koma gaban allo, na faɗi komai da sunansa. Suka yi ta tambayoyi har lokaci ya ƙare, ba wanda ya harari wani.

A hanyar gida na gane ba yaran nake karewa ba, kaina nake karewa. Su sun binne nasu sun dawo sun zauna benci ɗaya. Ni da ban rasa kowa ba, ni ne mai shirin gudu.