Filafilin Baba da gam ɗin kanti

Shekara guda bayan rasuwar Baba na dawo Bunkure daga birni, na tarar filafilin da yake tuƙa kwalekwale da shi ya tsage a wuya. Gurbin yatsunsa na nan a jikin icen. Na daɗe riƙe da shi.

Baffa Sale, ƙanen Baba, ya ce, "Kawo in ɗaure maka da waya, a shafe shi da mai."

Na ce, "Haba Baffa, ai an wuce zamanin waya." Na sayo gam a kanti na liƙe, har da fenti shuɗi.

Washegari na shiga kwalekwalen a gaban manoman shinkafa, ina ƙasaita kamar kogin ma gadona ne. A tsakiyar ruwa faffaɗan kan ya rabu da sandar, ya bi ruwa abinsa. Na bi shi da kallo, idona cike da hawaye, mutanen bakin gaɓa kuwa dariya har da faɗuwa. Da igiya aka jawo ni.

Sandar filafilin tana ɗakina har yau. Kuma duk sanda na gaida Baffa sai ya ce, "Injiniya, yaya gam? Ya kama kuwa?"