Yadda Na Rufe wa Injin Hajiya Baki

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Malali ba, ranar da na yi aikin da ba a sa ni ba. Lokacin ina neman auren Zainab, ban daɗe da gama karatun injiniya ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ƙarfe. Mahaifiyarta, Hajiya Lami, ba ta gama amincewa da ni ba, ni kuma ina neman hanyar burge ta.

Hajiya na da injin markaɗe mai aiki da lantarki. Kwanon da ya rufe bel ɗinsa ya saki, da an kunna sai ya kama karkarwa yana ƙara, har bakin titi ana ji. (Gaskiya ba kunnen Hajiya na tausaya wa ba, zance ne ba ya yi mini daɗi da ihu.)

Ranar ta tafi biki Katabu, sai na zo da sifana da robar tsohuwar taya. Na yayyanka robar na cusa tsakanin kwanon da jikin injin, na ɗaure notuna tamau. Muka kunna, sai ɗan gurnani kawai. Zainab ta ce da na jira Hajiya, na ce mata ilimi ba ya jira.

Bayan kwana uku aka aiko in zo. Na ci shadda, na fesa turare, ina ta shirya yadda zan ce ai ba komai.

Na tarar da Hajiya da ƙawayenta biyu, babu bokiti ko ɗaya a layi. Ashe wannan ƙarar ce ke sanar da matan unguwa an kawo wuta, an tayar da inji. Da suka ji shiru sai suka ɗauka ya lalace, suka kwashi wakensu da tattasai suka koma wani injin a bayan layi.

"Injiniya," in ji Hajiya, ko kallona ba ta yi ba, "shekara da shekaru kwanon nan yana yi mini talla. Ka mayar masa da bakinsa."

Haka na durƙusa cikin ruwan markaɗe da shaddata ina zare roba, ƙawayen na nuna mini notin da zan sassauta. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Ƙarar na dawowa, sai ga sallama da bokitai.

An dai ba ni Zainab, amma har yau Mai Roba ake ce mini a gidan. Tun daga ranar, kafin in rufe wa wani abu baki, sai na tambaya wa yake kira.