Mun Kai Kuka Gaban Kamarar Mai Girma

Ranar Talata na yi awa biyu a tsaye cikin rana ina kallon wani ɗan baƙin gilashi da aka manna a saman ƙofar wani gida. Ba ni kaɗai ba ne. Mu ashirin da uku ne, har da mata bakwai, kowa ya sa tufafinsa na Juma'a, domin an tabbatar mana ta cikin gilashin nan Mai Girma yake ganin duniya.

Ga yadda aka yi. A ranar, kwana goma sha tara ke nan ruwa bai shigo tur'ar garinmu ba, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu a nan gefen Wad Haddad. Dawa ta fara fitar da kai, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san a wannan matakin ba ta jure ƙishi. Hawashar maƙwabciyata Hajja Mero, wato gonarta, ita ce ta ƙarshe a layin ruwa. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar, da ita take ciyar da jikoki huɗu. Manoma sun duba sun ce in ruwa bai iso ba kafin Juma'a, bana ba ta da hatsi.

Mutumin da sa hannunsa ke buɗe ƙofar ruwa ɗan garinmu ne. Bari in kira shi Mai Girma Uban Ruwaye. Sau uku muka je ofishinsa. Zuwan farko yana taro. Na biyu yana hanyar dawowa daga taro. Na uku aka ce ya tafi birni taron duba sakamakon tarukan baya. Wayarsa kuwa sai ta yi ta ƙara har ta gaji.

Amma yana da gida a garinmu, bene mai shuɗin fenti, wanda bai sake shiga ba tun ranar walimar buɗe shi. Kamara huɗu ke gadinsa, sai Baba Jibril, tsohon da ke gadin kamarorin. Shi ya yi mana bayani a majalisar mai shayi. Wayoyin kamarorin suna shiga wani akwati a ɗakin ciki, akwatin yana ajiye duk abin da suka gani, kuma an haɗa shi da intanet. Mai Girma, ko yana ina, sai ya buga lambar sirri a mobayil ɗinsa, gidan ya fito masa kashi huɗu. In an ɗauke wuta a gari, akwatin ba ya jin komai, yana da farantin hasken rana nasa na kansa. Ɗakin shan maganinmu ba shi da ko ɗaya.

"Sau biyar a yini shina dubawa," in ji Baba Jibril. "Ran nan na ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ga waya: ya Jibril, tashi, akuya ta shigo."

Sambo mai keken jaki ya ajiye kofinsa ya ce, "Ya jama'a, mutumin da ba shi ganin takarda amma shina ganin akuya, ai sai mu tai mu tsaya inda akuyar ta tsaya."

Babu wanda ya kawo shawarar da ta fi wannan, don haka muka tafi.

Sambo ne ya yi jawabi. Ya cire hula, ya fuskanci gilashin, ya yi da Larabci, sannan ya maimaita da Hausa, ko da Mai Girma ya manta ɗaya daga ciki. Ya ambaci kakannin Mai Girma da suka yi noman auduga a bakin wannan tur'ar. Ya ambaci marayu. Sai da ya kai ga addu'ar rufewa Baba Jibril ya yi gyaran murya.

"Sambo, abin nan fa ba shi da kunne. Ido ne kaɗai."

"Kai Baba! Mi ya hana ka faɗi tun ɗazu?"

"Ba ku tambaye ni ba. Kuma jawabin ya yi daɗi, wallahi."

Aka samo kwali, ni na rubuta da gawayi cewa kwana goma sha tara babu ruwa. Hajja Mero ta zo da damin karan dawa daga gonarta, ganyen ya naɗe ya yi fari. Ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta ƙi saukewa. Muka tsaya.

Can sai wayar Baba Jibril ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye, ya gyara rawani, ya saurara, sannan ya juyo.

"Ya gan ku."

Wasu suka yi kabbara.

"Ya ce ku matsa hagu kaɗan."

Muka matsa.

"Ya ce ku ƙara."

Muka ƙara, har Sambo ya kusa faɗawa rami. Baba Jibril ya daɗe yana cewa na'am, na'am, idonsa ba a kanmu ba, a kan abin da ke bayanmu. Na waiga. Itatuwan lemun tsami shida ne a jere a gaban gidan, ganyensu ya ɗan yi laushi.

"Mi ya ce?" in ji Hajja Mero.

"Ya ce tun yaushe lemun nan ya fara yaushi ban shaida mishi ba."

"Jibril, miƙo min wayar nan. Ni na goya shi ranar sunansa, ya san muryata."

"Hajja, ya kashe."

A nan dole in yi adalci, domin mutane suna yawan cewa manyanmu ba su da hanzari. Ƙarya ne. Kafin la'asar tankar ruwa ta shigo gari. Ban taɓa ganin umarni ya fita daga baki ya zama ruwa cikin awa uku ba sai a ranar. Aka shayar da itatuwan shida ɗaya bayan ɗaya, aka wanke musu ganye, abin da ya rage aka watsa a ƙofar gida don ƙura ta kwanta. Ashe na'urar tana aiki, intanet yana aiki, idon Mai Girma ma lafiyarsa lau. Masu cewa ba ya ganin halin da muke ciki su daina. Ya gani, har ya nemi mu kauce.

Juma'a ta zo ta wuce, tur'a tana nan a bushe. Jiya na bi ta hawashar Hajja Mero na same ta da lauje, tana yanke dawar tana ɗaurewa don dabbobi. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Na wuce.

Na ji mutanen wani ƙauye wajen Abu Hujar suna shirin kai nasu kukan gaban kamarar nasu babban. Ban hana su ba. Shawarata guda ce: kafin ku jera, ku waiga ku ga abin da ke bayanku, domin shi za a duba.