Ina Ka Kai Sauran Ƙanwata?

"...lafiya lau, sai zafi. Ya Kawu? Ya ɗinki? Yau kuma wace iska ce ta kwaso mana 'yar wanke-wanken gidanmu tun daga Ambasatna?"

Zubair ne ke wannan gaisuwar, bai ko ɗago daga kan kwamfutarsa ba. Shagonsa na ɗaukar hoto da buga allunan talla yana unguwar Bololo, ɗan tsukukun ɗaki tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Wadda ta shigo kuwa Wasila ce, tela, 'yar kawunsa. Shi ɗan mace, ita 'yar namiji, don haka tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa wani tsiya ba. Sai dai yau ba ta ƙwace kujerarsa kamar yadda ta saba ba. Ta sauke wata naɗaɗɗiyar leda daga kafaɗa, ta dangwarar a teburin har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Afe, lafiya lau," ta ce a taƙaice. "Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa iskar da ta kawo ta. Kayana na zo karɓa."

"Wane kaya? Abin da kike da shi a shagon nan bai wuce tsintsiya ba."

"Sauran ƙanwata."

"Sauran wa?"

"Ilham. Cikakkiya na kawo maka ita, da kumatunta da damatsanta, na ce ka ɗauke ta hoto cikin rigar da na ɗinka. Ka mayar mini da rabi. Ina ka kai sauran?"

Ta warware ledar. Allon tallar da ya yi mata ne, wanda ya yi mako uku a rataye saman ƙofar shagonta. Yarinya ce cikin koriyar riga da lafaya, wuya dogo kamar na zalɓe, ƙugu kuwa hannu biyu za su zagaye shi su yi saura.

Zubair ya kwashe da dariya. "Sauran yana cikin inji, na adana miki. In kina so sai ki koma ki ɗauko buhu, don leda ba za ta ɗauka ba."

"Ka ga haƙorana a waje?"

"Dama ke yaushe kike dariya in ba an zuba abinci ba? Wasila, wannan fa aiki ne na ƙwararru. Kin kawo mini tulu, na mayar miki da kwalbar turare. Maimakon tukuici sai harara?"

"Kwalbar turare? Ni sillen kara nake gani an ɗaura masa lafaya."

"Ƙauyanci dai bai yi ba. Tsaya." Ya jawo wata mujallar tufafi daga ƙasan tebur, ya baje mata. "Dubi nan. Dubai. Dubi wannan, Turkiyya. Haka duniya take tallar kaya yanzu. Rigar ake so a gani, ba abin da ke cikinta ba."

Wasila ta ɗaga shafin da yatsa biyu kamar mai ɗaga ƙazanta. "Waɗannan in Goggo ta gan su, wallahi sai ta dama musu kunu ta aika a kira mai magani. Dubi ƙashin wuya, sai ka zuba ruwa a ciki kaji su sha."

"Uwata ba ta san zamani ba, kamar ke. Lafiyarsu ƙalau. Ganye suke ci, suna motsa jiki."

"Akuya ma ganye take ci, amma tana da cinya. Ka taɓa ganin ɗaya daga cikinsu da idonka?"

"Sai na gani? Ga hoto."

"Kai ne kake ce mini ga hoto? Kai? Mahauci yana rantsuwa da cewa haka aka haifi rago a feɗe! Wani bawan ne irinka ya zauna a can da ɓeran kwamfuta a hannu, ya fere su kamar yadda ka fere Ilham."

Dariyar Zubair ta ragu. Ya gyara zama, ya ɗauki wayarsa.

"To, tunda kin ambaci ɓera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saurara."

Ya danna. Muryar Wasila ce ta cika shagon, cikin raha, da ƙarar keken ɗinki a bayanta: "Kai bawa, ka ɗan rage mata kumatun nan da hannun, ka san matan yanzu, in suka ga mai jiki sai su ce rigar ce ke ƙara ƙiba."

Ya kashe. Janaretan maƙwabci kaɗai ake ji.

"Muryar wa ce wannan? Aljana?"

"Kaɗan na ce."

"Kaɗan ɗin tela da na mai hoto ba ɗaya ba ne. Kuma da na turo miki, me kika ce? 'Sameh, ya yi kyau, bawana ya iya aiki.' Ko ba ke ce kika ce tunda aka rataya shi mata ke tsayar da kilando, mashin ɗin haya, a ƙofarki suna cewa irin wannan rigar suke so ba? Kin sha romo kin ƙoshi, yanzu kin zo kina zagin mai dafawa."

"Na ce. Ban musa ba."

Wannan ya sa ya dube ta sosai. Tunda yake, bai taɓa jin Wasila ta amsa laifi a gabansa ba. A lokacin ne ya lura idanunta sun yi ja, kuma ɗankwalin da ke kanta bai dace da rigarta ba, ita da ko shara za ta zubar sai ta haɗa kala.

"Ke, lafiya?"

"Jiya Ilham ta faɗi a lise, makarantarsu. A tsakiyar aji, kanta ya bugi benci. Sai da aka ƙara mata ruwa leda biyu."

"Inna lillahi! Zazzaɓi ne?"

"Haka Baba yake zato. Likita kuwa ta ja ni gefe, ta tambaye ni rabon yarinyar da abinci. Na ce kullum ana zuba mata. Da na koma gida na duba bayan ɗakinta, sai ga inda take juye tuwon esh da miyar daraba ta kuɓewa, kajin maƙwabta har sun yi ƙiba. Kwana goma sha tara, Zubair. Ruwan zafi da lemon tsami kawai take sha."

"Amma don me? Yarinyar da..."

"Ƙawayenta sun wuce ta shagona sun ga allon. Suka ce mata, 'Ashe a hoto ne kike da kyau.' Wata ta ce a rubuta a ƙasa: kafin ta haɗiye 'yar'uwarta."

Zubair ya shafa kai, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ai... ai ko ba komai Kawu ya huta da cefane. Kin san Tulun Gawi in ta zauna gaban kwano..."

"Sake faɗa."

"Wasa nake."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani. Amma sake faɗin sunan nan in ji."

Bai sake ba. Tun Ilham tana shekara shida, ranar da aka je ƙauyen Gawi sayen tukwane ta tsaya kusa da wani tulu aka ga tsawonsu ɗaya, ya laƙa mata sunan. Yanzu shekarunta goma sha bakwai.

"Taubashiyata ce ita ma," ya ce a hankali. "Ina da ikon tsokanarta. Ke ma ai Kan Kabewa kike ce mini tun ina rarrafe, na mutu?"

"Kai fatarka ta kada ce, kuma kana ramawa. Ka taɓa jin ta rama? Murmushi take ta shige ɗaki. Shekara goma sha ɗaya kana ce mata tulu da baki, ta ɗauka wasa ne. Sai ga shi ka zauna da hannunka ka nuna mata yadda kake so a ce take, ni kuma na hau tsani na rataya wa duk Ambasatna su gani."

Zubair ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ta zo nan."

"Yaushe?"

"Makon jiya, da kayan makaranta. Ta ba ni wayarta, ta ce in yi wa sauran hotunanta irin gyaran allon. Guda takwas."

"Ka yi?"

"Na yi. Har na ce mata ta rage zumunci da fangasu, soyayyen fulawar nan, ta hutar da ni aiki."

Wasila ta ɗauki kofin shayin. Ya zaci watsa masa za ta yi, har ya kare fuska. Sai ta ajiye shi can gefe, nesa da hannunta.

"Allah ya so ka uwarka ƙanwar ubana ce."

"Kawu ya sani?"

"Da ya sani da ba ni ka gani ba. Goggo ma tun safe tana can tana yi mata fifita, ba ta san ɗanta ne zazzaɓin ba."

"Za ki faɗa musu?"

"In na faɗi naka sai na faɗi nawa. Kuma ba kunyarmu ce ta kawo ni ba. Yau da safe na kai mata kunun gyaɗa, ta kau da kai. Na ce likita ta ce jikinta daidai yake, ta ce likita ba ta san kwalliya ba. Na ce ni yayarta na ce tana da kyau, ta ce ni ce na rataya allon. Ka san me ta ƙara? Ta ce, 'Ya Zubair ya san abin da ke da kyau, sana'arsa ce.' Ka ji? Duk garin nan, maganar Kan Kabewa kaɗai take ji."

Ta juya tana kallon titi, inda wani mai kilando ke gardama da fasinja.

Zubair ya jawo kwamfutar, ya yi ta bincike, sannan ya juyo mata da fuskar. Hoton asali ne. Ilham ce tana dariya da wushiryarta a waje, hannu ɗaya riƙe da bakin lafaya, kumatu cike, rigar ta zauna mata ɗas.

Suka daɗe suna kallo.

"Ɗinkin ma ya fi fitowa a nan," in ji Wasila.

"Ya fi," ya ce. "Na gani tun a ranar."

"To me ya sa?"

"Haka kowa ke yi. Hannu ya saba."

"Hannun da ya saba ɓarna sai ya koyi gyara. Ka buga wannan."

"Zan buga. Amma allo ba zai sa ta ci abinci ba. Za ta ce lallashi ne." Sai ya miƙa mata wayarsa. "Ɗauke ni."

"In ɗauke ka in kai ina? Bola ta cika."

"Hoto, baiwar Allah. Daga sama har ƙasa."

Ya miƙe ya tsaya jikin bango, tumbinsa ya turo rigar gaba. Ta ɗauka ba tare da ta ce ya shirya ba. Ya tura hoton cikin kwamfuta, ya kama aiki tana tsaye a kansa. Ya ja nan, ya matse can. Tumbin ya shige. Wuya ya miƙe. Kafaɗu suka tsuke, ƙafafu suka zama kamar na shamuwa. Kan ne kawai ya bari yadda yake. Ko minti biyu ba a yi ba.

"Haka zan yi a gabanta," ya ce. "In zauna kusa da ita da tumbina, ta ga ni, ta ga wannan. Sannan in buɗe mata na Dubai ɗin, in nuna mata inda ƙofa ta lanƙwashe a bayan ƙugunsu. In ta ga yadda ake yin ƙaryar da idonta..."

Wasila ta matso kusa. Hoton take kallo, ta danne leɓe da haƙori. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Mene ne?"

"Ludayi," ta ce da ƙyar. "Ludayi ya sa hula!"

Dariyar ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye, har ta dafa tebur. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta yi tsawo ba.

"In ta ƙi fa?" ta ce tana share ido da gefen ɗankwali.

"Sai in koma gobe. Da jibi. Kuma Kawu ni zan faɗa masa da bakina, nawa kaɗai. Naki ki ji da shi."

"Tare za mu faɗa. Ba a barin bawa ya shiga gaban manya shi kaɗai, sai ya yi ɓaramɓarama."

"Na ji, ranki ya daɗe. Yau kam kin ci gari."

Ya rufe kwamfutar ya sa a jaka. Sannan ya durƙusa, ya buɗe wata durowa da makulli, ya fito da ƙullin dabino mai laushi.

"Na garin Faya ne. Wani direba ya kawo mini, ko matata ba ta san da shi ba. Ki riƙe, na Ilham ne."

Wasila ta karɓa, ta kwance ƙullin, ta zaɓi mafi girma ta jefa a baki.

"Ke! Na marar lafiya ne fa!"

"Ɗanɗanawa nake," ta ce da cikakken baki. "Abin da ya fito daga hannunka, ban ƙara kai mata shi ban duba ba. Tashi mashin ɗinka mu je."